Gwajin Dalma a Kwarin Lemhi

Bara na harbi bijimin barewa a kan tsaunin Lemhi,
irin mai ƙaho kamar bishiyar da ta zubar da ganye.
Hayaƙin albarushi ya tokare mini gani.
Kafin ya washe babu shi,
sai ɗigo uku ja a kan dusar ƙanƙara.
Kwana biyu ina bin sawu.
A na uku hankaki suka riga ni.

Shi ya sa yau, tsakiyar Agusta,
nake durƙushe bayan rumbun ciyawar Arlo Etcheverry,
ina jera jaridun shekara guda da suka kwana a ruwa,
ina ɗaure su tamau da igiyar dami.
A gabansu na jingina allon kafaɗar sa
wanda Doreen mahauciya ta miƙo mini tana dariya:
"Wannan dai ya riga ya mutu, Wendell. Kada ka bari ya tsere."

Bindigata 'yar ɗuri ce, ta baki take ci.
A auna albarushi, a zuba,
a ɗora harsashi, a danna da sanda har ya zauna daram.
Harbi ɗaya gare ka.
Na biyu sai ka gama nadama.

Na farko mai rami a baki, daga yadi hamsin.
Muka tona da yatsu, shafi bayan shafi,
muka wuce farashin ciyawa, muka wuce ƙwallon 'yan makaranta,
sai ga shi ya buɗe kamar laimar kwaɗi bayan ruwa.
Tessaly, jikar Arlo, ta ce a ba ta ta yi sarƙa.
Kyau kam akwai.
Amma taƙi ɗaya ya shiga,
ƙashi ya cinye rabin jikinsa, sikeli bai rufa masa asiri ba.

Na biyu dalma zalla, ni na narka a tsohuwar tukunya,
mummuna, mai faɗin goshi, nauyi kamar bashi.
Ya fasa allon, ya ratsa Janairu, ya ratsa Maris,
bai tsaya ba sai Yuni, a shafin ta'aziyya,
daf da hoton wani da muke gaisawa a coci.
Bakinsa ya ɗan baje, kamar kan ƙusar da ta sha guduma.
Arlo ya daɗe yana juya shi a tafin hannu.

Can ya ce, "Bara daga ina ka harba?"
Na ce, "Ɗari. Ko da 'yar ɗoriya."
Ya ce, "Ranar da muka tarar da shi na taka wurin.
Ɗari da sittin. Ban faɗa maka ba, don ba ka iya cin abinci lokacin."

Muka ja tebur baya har gindin shinge.
Na ɗura irin na bara, awo irin na bara.
Ya sauka ƙasa da inda na nufa da taƙi biyu,
ya shige a gajiye, bai buɗe ba ko kaɗan.
Da muka zaro shi, sumul,
sai ka ce a mayar kwali a sake sayarwa.

Wata goma ina zagin kamfanin da ya ƙera shi.

Tessaly ta jera su uku a kwalin ƙwai,
ta rubuta nisan kowanne da fensir.
Ni kuma na wanke bututu da ruwan zafi da sabulu,
baƙin ruwa na fita, hannuna na warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Da yamma na kafa turke a yadi saba'in daga ƙofar gidana.
Kullum da safe, kafin kofi ya tafasa,
nakan tsaya in dube shi har ido ya haddace.
Oktoba na tafe.
Abin da ya wuce turken nan, ya yi ta kiwonsa.