Itacen Ajin Casa'in da Tara

Sun kaɗa ƙuri'a a babban zaure, ina waje ina sharar ganye:
agogon bango, ko bencin dutse, ko itace.
Itace ya ci da ratar goma sha ɗaya.
Ba wanda ya tambaye ni, ni da zan ba shi ruwa.

Ranar dashe a Mayu ne, tsaunukan Pennsylvania kore shar.
Maribel Ostrowski, shugabar aji, ta riƙe shebur
da aka shafe da fenti ruwan zinariya,
tsinin takalminta yana nutsewa a laka.
Ramin kuwa tun jiya na haƙa shi.
Ta zuba ƙasa sau uku, aka tafa,
mai hoto ya ce a sake, ta sake.
Suka kafa allon tagulla da sunan ajinsu.
Washegari motoci suka kwashe katifu da akwatuna,
harabar ta yi tsit, kamar an ɗauke ruwan sama.

Ɗan itacen tuffa ne, bai kai kaurin sandata ba.
Na ɗaure shi da tsumma, na kewaye shi da waya,
wata huɗu ina jan tiyo zuwa gindinsa.
Sai Janairu ta zo da dusar ƙanƙara har gwiwa,
zomaye suka taka ta, suka haye shingen,
suka gwaguye ɓawon, zobe guda, tas.
Da ƙanƙara ta narke kowane itace ya farka,
ban da shi.

Ban kai rahoto ofis ba.
Dala arba'in na zara daga kuɗin gyaran rufinmu,
Verna ta kwana uku ba ta ce mini ci kanka ba.
Da asuba na tumɓuke gawar, na dasa wani,
na goge allon da hannun riga.
Allo ba ya ƙarya, ba ya kuma tona asiri,
abin da aka sassaƙa masa shi yake riƙewa.

Shekara ashirin da biyar. Oktoba. Ga su sun dawo
da furfura, da tumbi, da 'ya'yan da suka kere su tsawo.
Maribel, alƙaliya ce yanzu, ta rungume itacen:
"Ku dubi abin da hannunmu ya yi!"
Suka kira sunayen waɗanda ƙasa ta rufe,
su bakwai, kowane suna tuffa ɗaya a kan ciyawa.
Ina gefe, na dogara da manjagara.

Wani mai sanƙo ya zame daga taro, ya nufo ni.
Tobias Lindgren, in ji katin da ke ƙirjinsa.
"Ni na kawo irin," ya ce, "daga gonar kakana. Ja ne.
Wannan kuwa…" Ya juya koren tuffa a tafinsa.
Yawuna ya ƙafe. Na dubi takalmina.
Ya gatsa, tsami ya yamutsa masa fuska,
ya tauna a hankali har ya haɗiye.
"Zomaye?"
Na ce zomaye.
"Sau biyu suka yi wa kakana haka."
Ya cusa wani a aljihu, ya koma wurin hoto,
ya tsaya a layin baya, bai ce uffan ba.

Ajin da ke fita bana agogo suka zaɓa.
Gwiwoyina sun gode musu.
Agogo ba ya jin ƙishirwa, ba a gwaguyarsa,
ba kuma wanda zai dawo ya rungume shi yana kuka.

Ni dai Nuwamba na tafe.
Na sayo sabuwar waya, mai tsawo,
wadda ta fi ƙarfin tsallen zomo.