Wutsiyar Ayari

Daren Talata, an idar da isha,
zafin Jidda ya sassauta amma bai tafi ba,
yana nan maƙale a wuyan riga.
Mu ashirin da uku a bakin teku,
kowa da 'yar jar fitila tana ƙyafta ido a baya.

Mish'al ne madugu, shi ke da usur.
Renato na bi taya-taya yana latsawa da babban yatsa.
Attayyib ya cika aljihu da dabino,
wai ko mota ba ta tafiya da alkawari.
Ni kuwa likita ne ya turo ni,
ya ce sukari ya yi gida a jinina.
Shekara talatin ina taka keken ɗinki
bai taɓa kai ni ko bakin ƙofa ba.

Usur. Sarƙoƙi suka kama gunaguni.
Iska mai gishiri ta lashe mana fuska.
Samari suka durƙusa a kan sirdi,
suka tsinke kamar an kwance awaki,
ni ina can, wutsiyar ayari,
gwiwa tana ƙara, huhu yana zuga kamar na maƙera.
Dokar ƙungiya ɗaya ce: ba a barin kowa.
Don haka kullum akwai yaro a gefena
yana riƙe birki, yana yi mini ƙaryar ya gaji.

A daren nan aka toshe hanyar da muka saba.
Mish'al ya karya kwana, muka nausa kudu,
fitilun titi suka yi ta raguwa,
sai ga fili, fetal, ba gini ba bishiya,
ƙasa a baje kamar an share ta da tafin hannu.

Ƙafata ce ta fara ganewa, ba ni ba.
Ta sauka daga feda da kanta.

Hindawiyya.
Nan kakana ya ajiye sandarsa
bayan shekara bakwai a ƙafa daga Haɗeja.
Nan aka yanke mini cibiya.
Na san katafila ta zo, ni na kwashe kayan ɗakina,
amma ban taɓa dawowa na ga abin da ta rage ba.

Jajayen fitilu suka tsaya can gaba,
suka juyo ɗaya bayan ɗaya, suka zama farare.
"Faci ne, Baba Sallau?"
Na ce a'a.
Na ce ku biyo ni, amma a hankali, lungun matsattse ne.

Babu wanda ya yi dariya.

Na shige gaba. Na kauce wa kwatar da babu ita.
Na buga ƙararrawa a kwanar Inna Kuluwa,
don yara kan fito nan a guje da kwanon waina.
Na sunkuyar da kai a ƙarƙashin igiyar shanya.
Na waiga: mutum ashirin da biyu,
hulunan kwano a jere,
duk sun sunkuya.

Ga shagona, na ce, ina nuna duhu.
Ga inda Ɗanjuma ya ci bashin wando bai biya ba.
Ga masallacin da ladaninsa ke tari kafin kira.
Renato ya yi sallama da Hausar da na koya masa,
karkatacciya, kamar ɗinkin ɗan koyo.
Kufai bai amsa ba.
Attayyib ya miƙo dabino uku, na ci biyu,
likita ya yi haƙuri.

Da muka hau kwalta usur ya sake tashi,
samari suka wuce ni, fuu, kamar kullum,
na koma mazaunina a baya.
Yaron gefena bai ce ya gaji ba yau.
Mun yi nisa kafin ya buɗe baki:
"Baba, shi Ɗanjuman,
nawa ne kuɗin wandon?"