Ɗaya Tal a Bakin Ƙofa

A Colchani, inda fari ya cinye ƙasa har iyakar gani,
Eulogio na tara gishiri tsibi-tsibi,
shekara arba'in, leɓe a tsage.

Nélida ta dawo daga Potosí da littafi a hammata.
Ta tsuguna gindin tsibi, ta ja da'ira uku da yatsa:
"Baba, ga gidan sodiyam, ga ilektaron ɗinsa.
Biyu a ƙurya, takwas a tsakar gida,
ɗaya tal a bakin ƙofa, riƙon sakainar kashi.
Jefa shi ruwa ka ga tartsatsi.
Kulorin kuwa bakwai ne a waje,
tabarma guda ba kowa.
Wannan giɓin ya mai da shi guba."

"Ashe wuta da guba nake loda wa mota?"

"Wannan ya miƙa, wancan ya cafe,
kowa ya kwanta.
Kwanciyarsu kake barbaɗa wa dankali."

Can nesa famfon kamfani na tsotson ruwan ƙasa.
"Litiyam suke nema.
Shi ma ɗaya ne a ƙofarsa,
sakin hannunsa ya tara masa masu saye."

"Babu wanda gidansa ya cika?"
"Niyon. Takwas cif.
Ba ya bayarwa, ba ya roƙo."
"Kawunki Severo kenan."

Ya lashi ɗan yatsa,
ya daɗe yana jin ɗanɗanon,
sannan ya kai shebur daidai kan da'irar
ya kwashe ta cikin buhu.