Kogin da Ba Gada

Babana Lovrenc ya iso Ljubljana a motar asuba,
da kwalba a aljihun kwat,
ƙudan zuma bakwai a ciki, ƙafafu sama.
Ya dire ta kusa da kofin shayina.
Ya ce, "Špela, ke kika yi karatun.
Ba a amya suka mutu ba.
Taku ashirin da gida na tsince su,
suna ta kewaya wuri ɗaya kamar mashaya."

Na buɗe kan ɗaya a ƙarƙashin madubi.
Ƙwaƙwalwar ba ta wuce ƙwayar riɗi ba,
amma a nan ta adana kwarinmu kaf:
cocin kan tudu,
itacen da kakata ta dasa,
amyar nan mai shuɗiyar ƙofa.

Na ce, Baba, jijiya ba ta taɓa 'yar'uwarta.
Akwai kogi tsakani, siririn gaske, ba gada.
Saƙo kan taho da gudun lantarki,
ya ci birki a gaɓa.
Sai a saki ɗigon sinadari, ɗan fito,
ya haye, ya ƙwanƙwasa, a buɗe masa,
ya isar da aike,
nan take a sallame shi.
Sallamar nan ita ce rabin maganar.

Wani maganin ƙwari kuwa
kamarsu ɗaya da ɗan fiton, har murya.
A buɗe masa, ya shige, ya miƙe ƙafa.
Mai sallamar baƙi bai san shi ba.
Ya yi ta nanata kalma guda
har gidan ya kurmance.
Fiffike lafiya, ido lafiya,
hanya ce kawai ta kwance kamar zaren tsohuwar riga.

Na ce zato nake, sai an auna,
sai ranar Laraba.

Ya daɗe yana murza hularsa.
"To tana tuna gidan, ta kasa zuwa,
ko ta manta akwai gida?"

Madubina bai nuna wannan.

Na raka shi tasha. Ana yayyafi.
Ƙanshin kaki da hayaƙi na tashi daga kwat ɗinsa.
Ya tambaye ni ƙarfe nawa motar Radovljica ke tashi.
Na faɗa masa.
Muka tsallaka titi, ya sake tambaya.
A ta uku
na sayi tikiti biyu.