Hoto, Hoto, Maɓalli

Shago na gina wa Hajiya Lantana,
ba bulo, ba kwano, ba ƙusa,
a kan intanet na kafa shi, dare goma sha ɗaya,
daga ɗakina a Unguwar Sarki, janareta na tari a baya.
Atamfa, leshi, shadda, mayafi,
kowanne ya fito a hoto yana sheƙi.
Hajiya ta ce, “Ɗantala, hannunka da albarka.”
Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Ran Asabar sai ga Malam Barau,
shi ya koya mini lissafi a Tudun Wada
kafin ciwon suga ya hure masa fitilu biyu.
Mayafi yake nema, autarsa ta gama makarantar jinya.
Ya ce, “An ce kai ne maginin. Zauna ka ji.”
Ya aza waya kan benci, ya shafi gilashinta,
muryar da ke yi masa karatu ta soma:
“Hoto. Hoto. Hoto. Maɓalli. Hoto.”

Iyakarta ke nan.
Shadda mai ruwan ƙwai, leshi mai duwatsu,
duk suna ɗaya suka amsa a kunnensa.
Ya murmusa. “Ko a Kasuwar Barci,
in na tsaya bakin rumfa, mai kaya zai faɗa mini launi,
ya ɗora mini yadin a tafin hannu.
Kai ka gina rumfa, ka sallami mai rumfa.”

Mako bai zagayo ba Hajiya ta kira,
wani lauya, ɗan yayarta, ya tsorata ta:
akwai doka, ta hana a ware masu buƙata ta musamman
a inda ake yi wa jama’a hidima.
“Nawa ne tarar?” Muryarta na rawa.
Ban san tarar ba.
Abin da na sani, tun Asabar nake biyan tawa.

Da dare na zare linzamin kwamfuta,
na rufe fuskarta da tawul,
na ce bari in sayi mayafi ɗaya a shagon da na gina.
Na ɓata.
Ni da na aza kowane tubali,
na yi ta zagaye kamar baƙon direba a shataletalen Kawo,
na isa wurin biya, lokaci ya ƙare, aka koro ni farko.

To, sai na koma ƙasa.
Kowane hoto na yi masa baki.
Rubutun da na shafa wa launi mai hasken ruwa don gayu,
na mayar da shi baƙi wuluk, mai raunin ido ya gani.
Kyauta, telar Kakuri da ba ta ji,
na rubuta mata maganar bidiyo a ƙasansa.
Maɓallin “Biya” da ya yi kamar ƙwayar gero
na faɗaɗa shi, don hannun da ke karkarwa.
Hajiya ta leƙo ta ce kwalliyar ta ragu.
Na ce ƙofar ce ta ƙaru.
Ba ta gamsu ba, amma ta biya rabin kuɗin aiki.

Malam Barau ya dawo ana yayyafi.
Muryar wayar ta karanta:
“Mayafi ruwan toka, da zaren zinare a gefe, yadi biyu.”
Ya danna, ya biya, ba wanda ya riƙe masa hannu.
Na tsaya ina jiran yabo, kamar ɗan aji uku.

Ya soka wayar a aljihu, ya lalubi sandarsa.
“Bakwai bisa goma,” in ji shi.
“Ka ce ruwan toka.
Tokar murhu, ko ta hadarin da ke tasowa daga Rigasa?
Na taɓa ganin duka biyun, yaro.
Je ka gyara.”