Dutse Na Ɗari Uku Da Sha Ɗaya

Shekara goma sha tara ina fasa dutse
a bayan Ablekuma, inda Ankara ke ƙarewa cikin jar ƙasa.
Guduma ta ci mini farce biyu.
Bokitin tsakuwa, 'yan sidi kaɗan,
kuɗin koko da ƙosai, da na mota zuwa Nima.

A kan tudun akwai hasumiya.
Mu dai tsibi muke ce mata.
Ba siminti, ba laka, dutse ne bisa dutse,
wanda ya jera su da tafin hannu ya auna kowanne.
Ƙadangaru na gyaɗa kai a ƙolinta,
awaki na fake wa rana a gindinta.
Na tambayi tsoho Tete mai sayar da filaye,
ya ce kakansa tarar da ita ya yi,
shi ma kakan bai sami wanda zai tambaya ba.

Bara Madam Akwele ta zo daga jami'a
da ɗalibai bakwai da buroshi kamar na goge baki.
Mu masu cin dutse da guduma
muka saki baki muna kallon masu share shi
kamar ana cire wa jariri kwantsa.
Suka tono gawayi, da tsingaro, da gatarin aradu.
Ta ce wutar da ta bar gawayin nan
ta mutu tun ba a san ƙarfe a wurin ba.

Katafilar masu gidaje tana ƙasan tudu, bakinta a buɗe.
Wata tara ana shiga kotu ana fita.
Ran da takarda ta fito da hatimi
direban ya tofar da yawu, ya juya.
Aka zagaye da waya, aka kafa allo:
wanda ya ɗauki ko tsakuwa, tara ko ɗauri.
Sai aka nemi mai gadi.
Ni aka ba tocila da usur,
abokaina na dariya, an ba kura ajiyar nama.

Kowane dutse an ɗiga masa lamba da farin fenti.
Ta gabas, daidai ƙirjina,
ɗari uku da goma,
sai giɓi,
sai ɗari uku da sha biyu.
Madam ta bar wa ramin lambarsa
kamar yadda ake ajiye wa matafiyi tuwo.

Ni na san inda ya je.
A kaina ya sauka tudun, a kan gammo,
shekarar da dutsen niƙan Inna Lamnatu ya tsage.
Ta niƙa barkono a kansa, da citta, da daddawa,
har cikinsa ya lotsa daidai tafiyar hannunta.
Yanzu hannun yana maƙabarta.
Lotsawar tana nan bayan ƙofa.

Dare uku ina haska giɓin, yana kallona.
Na ce in maido shi a ɓoye,
sai na sake karanta allon:
ashe ƙari ma laifi ne, kamar ragi.

Na faɗa mata.
Ba ta kira 'yan sanda ba, mota ta shiga.
Ta tsallake kwatarmu da takalminta mai tsabta,
ta durƙusa, ta shafa, ta kai hanci,
ta yi atishawa sau uku.
'Yata Sahura na tsaye da ɗan dutse a hannu,
miya na jiran ta.

Madam ta daɗe ba ta ce komai ba.
Ta ce shari'a za ta so shi, wata rana,
kuma ba ita ke da iko ta yafe ba.
Sai ta buɗe littafi, na leƙa:
Ɗari uku da sha ɗaya, yana Nima, yana aiki.

Da dare nakan zauna da bayana jikin hasumiyar,
zafin rana na fitowa daga duwatsun a hankali.
Fitilun Ankara na hawowa tudun, gida gida.
Ban san sunan maginin ba, ban san yarensa ba,
amma in na sa hannu cikin giɓin
nakan ce masa, yi haƙuri, maƙwabci,
aro ne.