Huhun Aro

Tun daga Tamaske take kuka,
kuka siriri irin na ɗan akuyar da aka ɗaure a rana.
Buhu talatin na albasa a bayanta,
ni a gaba, ina roƙon Tawa ta matso.

Abarshi bai tashi daga tabarma ba.
Ya karkata kunne kamar mai satar jin gulma,
ya kurɓe shayi na biyu, sannan ya ce:
"Injin lafiya lau, Nomau. Huhun aro ne ya ƙage."

Ya ɗaga murfi, ya nuna mini dunƙulen ƙarfe
da bai fi ƙwaryar fura ba.
Shekara goma sha ɗaya muna tafiya tare
ban taɓa yi masa sallama ba.
"Iska yake hurawa cikin bututu,
abin da wuta ta rage ya ƙarasa ci.
Can inda aka haifi motar nan
hayaƙi ma alƙali gare shi."

Na ce a gyara. Ya ce da me?
An buga waya Katako, an aika Ƙonni,
wani ya ce a jira mai dawowa daga Kwatano.
Albasa kuwa ba ta san jira ba,
ta fara gaishe mu da wari.

Sai aka kira Ɗan-Jimma da kile mai lamba sha biyu.
Noti na farko ya zo kamar an gayyace shi,
na biyu sai da aka yi masa wanka da man birki,
aka bar shi ya yi tunani har la'asar.
Ƙananan bututu huɗu sun riƙe injin
kamar yatsun tsohuwa a wuyan jika.
Uku suka saki.
Na huɗu ya karye a ciki, ya ɗauki fatar yaron,
ya tsotse jinin, bai ce uffan ba,
Abarshi ya zagi tsatsa, ita da kakanta.

Ƙofa huɗu a buɗe.
Aka yanko ƙusoshi aka toshe,
Illo mai walda ya ɗinke ta ƙarshe da wuta shuɗiya.
Bel ya yi yawa yanzu, kamar wandon marigayi,
aka gwada da igiyar guga, aka sayo gajere.

Na murɗa.
Tari ɗaya ta yi, ta kama.
Babu kuka. Har na ji ladan na unguwar gaba.
Jikka bakwai na ƙirga ina murmushi.

Amma a madubi na ga Kuluwa mai ƙosai
ta ja mayafi ta rufe tire,
ta kau da fuskar goyonta daga bayan motata.
Abarshi ya ga inda idona ya tafi.
"Ya daɗe da mutuwa," in ji shi,
"hayaƙin jiya ne na yau, gawa kawai muka fitar."
Gaskiya ne.
Gaskiyar dai ba ta hana ni kashe inji ba
duk sanda na tsaya kusa da kaskonta.

Dunƙulen ya kwana biyu a gindin bedi
kaji na leƙa shi.
Ango maƙeri ya zo wucewa, ya ɗaga, ya girgiza, ya saurara,
bai taya ba, ya ba da goro biyu.
Kwana uku ya jiƙa shi a kananzir,
ya haɗa shi da ƙafar tsohon keke,
ya sallami zugazugin da ya gada.

Ranar Lahadi na bi ta maƙera.
Jikansa na juya ƙafar keke da hannu ɗaya,
ɗayan riƙe da rake.
Gawayi ya yi ja har cikin idonsa,
guduma na sauka, hauya na fitowa.
Na tsaya na ji shi yana numfashi,
a hankali, babu kuka,
wutar ma kusan babu hayaƙi.

Na sayi hauya ɗaya.
Ba ni da gona.
Tana nan bayan kujera, kusa da jak.